Gani Bai Kori Ji Ba: Hoton Huhu da Masu Karanta Shi a Ƙasar Yawuri



Hausawa sun ce gani ya kori ji. Magana ce mai nauyi, wadda ake kashe gardama da ita a kasuwa da gaban alƙali, kuma ita ce mutane ke tafe da ita a zuci ran da likita ya ce a je a ɗauko hoton ƙirji. Majinyaci da danginsa sukan ɗauka cewa tun da dai na'ura za ta leƙa cikin mutum, to magana ta ƙare, duk abin da ke ɓoye zai fito fili, kowa ya gani da idonsa. Wannan lacca za ta yi ƙoƙarin nuna cewa a wannan fage guda karin maganar ba ta zauna daidai ba, musamman idan abin da aka gani ɗin ɗan ƙullutu ne a huhu. Za a ɗauki ƙasar Yawuri ta jihar Kebbi a matsayin misali, watau Yelwa da Ngaski da Shanga da ƙauyukan bakin tafkin Kainji, domin sana'o'in mutanen wannan yanki sun sa tambayar ta fi tsanani a can.

Abin da hoto ke nunawa

A ranar 8 ga Nuwamba 1895 wani malamin kimiyya a Jami'ar Wurzburg ta ƙasar Jamus, mai suna Wilhelm Rontgen, ya gano wani irin haske da ido ba ya gani, wanda ke ratsa nama amma ƙashi ya tare shi. Kafin shekarar ta fita sai da ya ɗauki hoton hannun matarsa, aka ga ƙasusuwan yatsu da zoben da ke jikinsu. Wannan shi ne asalin abin da ake kira eksire a asibitocin ƙasar nan. Sai dai kalmar hoto da Hausa ta ba shi tana ruɗarwa, domin abin da ke fitowa a kan farantin inuwa ce. Inda iska take, kamar cikin huhu, haske yakan wuce wurin ya fito baƙi. Inda ƙashi ko tsoka mai kauri take, sai wurin ya fito fari. Gaba da baya da tsakiya duk sun kwanta a kan juna a shimfiɗa ɗaya. Wanda ya dubi inuwar bishiya a ƙasa ya ga wani dunƙule a cikinta, ba zai iya rantsuwa ko sheƙar tsuntsu ce, ko amya ce aka rataye, ko kuwa rassa biyu ne suka gitta juna ba. Haka hoton ƙirji yake. Kan nono, da tsiro a fatar baya, da haƙarƙarin da ya taɓa karyewa ya ɗore, da maɓallin riga, kai har layar da aka manta ba a cire ba, duk suna iya fitowa tamkar ciwo a cikin huhu. A ɗaya gefen kuma, ciwo na gaske yana iya laɓewa a bayan zuciya ko ƙashin wuya, a ce hoto lafiya lau.

Likitoci sun ƙayyade abin da suke nufi da ƙullutun huhu: ɗigo ne zagayayye wanda faɗinsa bai wuce milimita 30 ba, watau kamar girman goro matsakaici. In ya wuce haka an bar maganar ƙullutu, an shiga wani babi mai hatsari. Eksire na yau da kullum da wuya ya nuna abin da bai kai girman ƙwayar gyaɗa ba, sai fa in ya taurare.

A ranar 1 ga Oktoba 1971 aka fara gwada wata sabuwar na'ura a kan majinyaci a asibitin Atkinson Morley da ke Landan, wadda injiniya Godfrey Hounsfield ya ƙera. Ita ce ake kira siti-sikan. Maimakon inuwa guda, na'urar takan zagaye jiki da haske, kwamfuta ta lissafa, ta fitar da hoton jikin fale-fale, kamar yadda ake yanka albasa. Na'urorin yanzu sukan ba da ɗaruruwan faifai na ƙirji ɗaya, kowanne kaurinsa wajen milimita 1, har a ga abin da bai fi ƙwayar gero ba.

To, a nan wani abin mamaki ya faru. An zaci ƙarin gani zai kawo ƙarin tabbaci, sai ya kawo ƙarin tambaya. A Amurka an yi wani babban gwaji da mutum 53,454, dukkansu tsofaffin mashaya taba masu shekara 55 zuwa 74, aka bayyana sakamakonsa a 2011. An sami cewa duba su da siti-sikan ya rage mutuwa daga sankarar huhu, watau ciwon daji, da kashi 20 cikin 100 idan aka kwatanta da eksire. Wannan nasara ce babba. Amma daga cikin hotunan da aka ce an ga abin tuhuma a cikinsu, kashi 96 cikin 100 daga baya aka tabbatar ba sankara ba ce. Ma'ana, mafi yawan ƙullutun huhu tabon tsohon ciwo ne da jiki ya riga ya ci ƙarfinsa, kuma 'yan kaɗan ɗin da suka rage su ne masu kisa. Na'ura ba ta rarrabe su. Wannan aikin mutum ne.

Mai ɗauka da mai karantawa

Jama'a da yawa ba su bambanta ma'aikata biyu a sashen hoto na asibiti. Akwai mai ɗaukar hoto, wanda ya koyi sarrafa na'ura da tsayar da majinyaci da auna ƙarfin haske, kuma tun 1987 akwai hukumar da ke yi wa irinsu rajista a Nijeriya. Akwai kuma likitan karanta hoto, wanda bayan ya gama karatun likita na shekara 6 sai ya ƙara wasu shekaru yana koyon wannan fanni kaɗai, ya ci jarrabawar Kwalejin Horar da Manyan Likitoci ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ko ta takwararta ta Afirka ta Yamma. Irin waɗannan likitoci ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200, kuma akasarinsu suna manyan birane ne, inda asibitocin koyarwa suke.

Kada a ɗauka ƙwararre ba ya kuskure. Tun a 1949 wani likitan hoto Ba'amurke, Henry Garland, ya girgiza abokan aikinsa da ya nuna cewa gogaggun masu karatu sukan tsallake kusan kashi ɗaya cikin uku na hotunan ƙirji masu ciwo, sa'an nan in aka sake ba mutum hotunan da ya riga ya karanta, yakan saɓa wa kansa a wajen ɗaya cikin biyar. A 2013 kuma wasu masu bincike a Boston, Trafton Drew da abokansa, suka ba likitocin hoto 24 faifan siti-sikan, suka ce su nemo ƙullutun huhu. A ɓoye sun liƙa hoton goggon biri a cikin huhun ƙarshe, wanda ya ninka matsakaicin ƙullutu sau 48. Mutum 20 daga cikin 24 ba su lura da shi ba, alhali na'urar da ke bin motsin idanu ta nuna da yawansu sun kalli wurin sosai. Ba a kawo wannan labari don a yi wa likitoci dariya ba. Abin da ya tabbatar shi ne ido yana ganin abin da aka aike shi nema ne. Saboda haka abin da aka faɗa wa mai karatu kafin ya ɗaga hoto wani ɓangare ne na karatun kansa.

Me ƙwararre ke dubawa? Da farko girma. Ƙungiyar Fleischner, wadda ta haɗa masana hoton ƙirji na ƙasashe da dama, ta fitar da ƙa'idoji a 2005, ta sabunta su a 2017. A ciki an ce ƙullutu mai tauri da bai kai milimita 6 ba, a jikin wanda ba shi da wani dalilin hatsari, ba ya bukatar a bi shi. Daga 6 zuwa 8 a sake hoto bayan wata 6 zuwa 12. In ya haura 8, to a sake bayan wata 3, ko a yi wani gwajin daban, ko a tsira allura a tsakuro ɗan nama a kai ɗakin gwaji. Sa'an nan yakan dubi gefen abin: mai santsi ya fi kwantar da hankali, mai tsika-tsika kamar ƙarangiya abin tsoro ne. Yakan duba ko ya taurare ya zama kamar alli, domin wanda allinsa ya cika shi, ko ya zauna a tsakiyarsa, galibi tsohon tabo ne.

Amma babbar shaida ita ce lokaci. Sankara girma take yi, tabo kuwa yana nan inda yake. Ƙullutu mai tauri da ya shekara 2 bai motsa ba, akasari an sallame shi. Wahalar ita ce abin dunƙulalle ne kamar ƙwallo, idan faɗinsa ya ƙaru da kashi 26 cikin 100 kawai, to jikinsa ya ninka. Wanda ya tashi daga milimita 8 zuwa 10 ya kusa zama biyun kansa, ga shi kuwa bambancin bai fi kaurin tsinken ashana ba. Ba za a gane wannan ba sai an ajiye tsohon hoto kusa da sabo.

Inuwa ɗaya, mutane dabam-dabam

Waɗannan ƙa'idoji an gina su ne a kan mutanen Turai da Amurka, inda tarin fuka ya yi ƙaranci, shan taba kuma ya daɗe da yin katutu. Mutumin Yawuri tarihin huhunsa daban ne, kuma sai an san ƙasar za a san dalili.

An gina madatsar ruwa ta Kainji a kan kogin Kwara tsakanin 1964 da 1968. Ruwan ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, wanda kansa na arewa ya kai Yelwa. An tashi mutum wajen 44,000 daga mazaunansu, ciki har da Gungawa da yawa da ke zaune a tsibirai, aka yi musu sababbin ƙauyuka a gaɓa. Tafkin ya jawo masunta daga nesa, Sarkawa da wasunsu, Yelwa ta ƙara bunƙasa a cinikin kifi. Can a tudu kuma, wajen Birnin Yawuri da sassan Ngaski, akwai zinariya, wadda matasa ke haƙa da hannu. A 2020 ma jihar Kebbi na cikin wuraren da gwamnatin tarayya ta fara shirinta na tsara aikin ƙananan masu haƙar zinariya. Ruwa da hayaƙi da ƙura ke nan, kowanne da irin sawun da yake bari a huhu.

A ƙaddara an kawo hotuna huɗu gaban likita a Sakkwato, kowanne da ɗigo mai girman ƙwayar gyaɗa a saman huhun dama. Na farko na wani manomin albasa ne daga wajen Shanga, wanda ya yi tari mai tsawo yana saurayi, ya warke ba tare da an taɓa gwada shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum 219 cikin kowane 100,000 sun kamu da tarin fuka a Nijeriya, ƙasar da ta fi kowace yawan masu cutar a Afirka. A irin wannan wuri, tunanin farko game da ɗigo a saman huhu shi ne tarin fuka, ko tsoho ko mai rai, kuma gwajin kaki ne zai raba gardama. Na'urar GeneXpert, wadda hukumar ta amince da ita a 2010, takan ba da amsa cikin sa'a 2.

Na biyu na wani matashi ne da ya shekara goma yana fasa dutse da niƙa shi a ramukan zinariya. A nan ya kamata a ɗan tsaya, domin wannan ita ce cutar da ba a cika ambata ba. Dutsen da zinariya ke ciki yana ɗauke da wani sinadari mai suna silika. Idan aka niƙa shi a bushe, ƙurar da ta fi lahani ita ce wadda ido ba ya gani. Takan shige can ƙarshen huhu ta zauna, jiki ya kewaye ta da tabo, ta zama ƙananan ƙullutai masu yawa, galibi a sama, wani lokaci su haɗe su zama dunƙule mai kama da sankara. Ba ta da magani, kuma takan ci gaba ko bayan mutum ya bar aikin. Daɗin daɗawa tana ninka hatsarin kamuwa da tarin fuka wajen sau 3, ga shi hotonta ya yi kama da nasa. Duniya ta san wannan tun da daɗewa, don a 1930 aka yi babban taron ƙasashe a kan cutar a Johannesburg, saboda abin da ta yi wa ma'aikatan ramukan zinariya na Afirka ta Kudu, kuma Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tana da jerin hotuna na musamman da ake auna irin wannan huhu da su. A arewacin Nijeriya hankali ya fi karkata ga gubar dalma, bayan da ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara daga 2010, alhali ƙurar da ta ɗauko dalmar ita ce ke ɗauke da silika. Idan takardar da ta raka hoton ba ta ce mutumin mahaƙi ne ba, mai karatu zai iya rubuta tarin fuka da zuciya ɗaya, a yi ta ba shi magani, numfashi kuwa yana ta raguwa.

Na uku na wata mata ce mai bandar kifi a bakin ruwa wajen Wara, wadda ba ta taɓa sa taba a baki ba, amma ta shekara talatin a cikin hayaƙin itace. Hukumar Lafiya ta Duniya na lissafa irin wannan hayaƙi cikin abubuwan da ke jawo cututtukan huhu, har da sankara. Har wa yau, wajibi ne a tambaye ta ko ta taɓa jin wani ƙullutu a nono, domin sankarar nono takan aika 'ya'yanta huhu, kuma mace ba za ta faɗi wannan ga namiji baƙo ba sai an san yadda aka tambaya. Mazauna bakin tafki kuma suna tare da tsargiya, wadda ƙwayayenta kan bi jini su isa huhu a jikin wasu.

Na huɗu na wani ɗan kasuwa ne a Yelwa, mai shekara 60, wanda ya shekara 35 yana shan taba. Shi ne wanda ya fi kowa shiga hatsari, kuma shi ne tsarin ya fi saurin cuta ba da gangan ba. Abu ne sananne a ƙasashen da tarin fuka ya yi yawa cewa akan ɗora mai sankarar huhu a kan maganin tarin fuka, ko da gwajin kaki bai nuna komai ba, bisa zaton cewa abin da ya fi yawa shi ne ya fi yiwuwa. Maganin na wata 6 ne. A cikin wata shidan nan ƙullutun da za a iya yankewa a rabu da shi yana iya ninkawa, ya bazu, ya wuce wuƙar likita. Ko gwajin nan mai tsada da ake kira pet, wanda ke nuna inda nama ke zuƙar sukari da yawa, ba ya fid da mutum daga ruɗu a nan, don tarin fuka mai rai ma yana haskawa kamar sankara.

Hanya da takarda

Mutumin Ngaski da aka ga ɗigo a hotonsa a babban asibitin Yelwa, in ana son ƙarin bincike, tafiya ce a gabansa: ya bi ta Koko da Jega zuwa Birnin Kebbi, ko ya zarce ta Tambuwal zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Kuɗin mota da na masauki da na hoto, da na wanda zai raka shi, sukan ci abin da ya tara a kaka, wani ma sai ya sayar da taru ko ɗan bijimi. Ban da haka, hasken da siti-sikan na ƙirji ke zuba wa jiki ya ninka na eksire fiye da sau 50. Ke nan kuskure ta kowane gefe yana da farashi. In an tura wanda tsohon tabo ne kawai gare shi, an talauta gida a banza. In an riƙe wanda ya kamata a tura, an yi asarar rai.

Abubuwa biyu ne suka fi rage wannan kuskure, kuma babu na kuɗi a cikinsu. Ɗaya shi ne takardar neman hoto. Sau da yawa abin da ake rubutawa a gurbin bayani bai wuce kalma ɗaya ba, tari, sai sa hannu. Layi uku da za su faɗi shekarun mutum, da sana'arsa ta yanzu da ta da, da ko yana shan taba, da ko ya taɓa shan maganin tarin fuka, da ko yana ramewa ko kakin jini, sun fi ƙarin na'ura amfani ga mai karatu. Ɗayan kuwa tsohon hoto ne. Mutane sukan naɗe shi su cusa a rufin ɗaki, damina ta lalata shi, ko su yar da shi da zarar sun ji sauƙi, ba su san cewa wata rana shi ne zai hana a tsira musu allura a ƙirji ba.

Zamani ya kawo sauƙi ta wata fuska. Hoton da aka ɗauka da na'urar zamani ana iya aika shi ta intanet daga Yelwa a karanta shi a Sakkwato ko Kano a yini guda, muddin ainihin fayil ɗin aka aika. Abin da aka fi yi kuwa shi ne a ɗaga faranti a jikin taga a ɗauke shi da wayar hannu a tura ta WhatsApp, kuma a wannan hanya ƙaramin ɗigo shi ne abu na farko da ke ɓacewa. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da manhajar kwamfuta wajen tace hotunan ƙirji na masu shekara 15 zuwa sama, kuma an yi aiki da ƙananan na'urorin tafi-da-gidanka masu irin wannan manhaja a jihohin Nijeriya da dama. Taimako ne na gaske ga ƙauyukan da likita ba ya zuwa. Sai dai amincewar ta neman tarin fuka ce kaɗai. Manhajar takan ba da maki ne, wanda makinsa ya hau a karɓi kakinsa. Wanda kakinsa ya fito babu komai alhali ɗigon yana nan, har yanzu yana jiran mutumin da zai zauna ya karanta.

Saura maganar harshe, wadda ta shafi wannan zaure kai tsaye. Rahoton likitan hoto da Turanci ake rubuta shi, kuma da gangan ake cika shi da kalmomin taka-tsantsan, irin su mai yiwuwa ne, ko ba a kore kaza ba. Kafin ya isa kunnen majinyaci ya bi ta bakin ma'aikacin jinya zuwa Hausa, a ƙasar Yawuri kuma sau da yawa sai ya sake bi ta bakin ɗa ko ƙane zuwa Gunganci ko Kambarci. A kowace gaɓa shakkar takan zube, a bar hukunci tsirara. In aka ce tabo ne, mai ji ya fahimci ciwo ya warke, ba zai dawo ba. In aka ce daji ake tsoro, ya fahimci an yanke masa ƙauna, sai ya koma gida wajen masu magani, shi ma ba zai dawo ba. Abin da likita ke nufi kuwa yana tsakanin biyun: an ga wani abu, yawancin irinsa ba su da lahani, amma ba za a sani ba sai an sake aunawa ran kaza ga watan kaza. Hausa ba ta rasa yadda za ta faɗi wannan ba, illa dai ba a zauna an daidaita kalmomin ba, har yau wani ya ce ƙullutu, wani ƙari, wani tabo, wani ɗigo, kowace kuwa da nauyin da take saukewa a zuciyar mai ji. Sassan nazarin Hausa na jami'o'i sun daidaita kalmomin nahawu da na adabi shekaru da dama da suka wuce. Irin wannan zama ake bukata da likitocin hoto da ma'aikatan jinya na Yelwa da Wara, a fitar da 'yar takarda shafi guda da za a riƙa maƙala wa kowane hoto, mai ɗauke da bayanin da Hausa, da kuma ranar dawowa a rubuce da watan Bature da na Musulunci.